Ganyen Ragon Maza

Tun ranar da ƙafar amalanke ta bi ta kan ƙwaurin Happiness, tuwo bai ƙara yi wa kowa daɗi a gidan Ilisha ba. Shekararta takwas, ita kaɗai gare su, kuma irin yaran nan ce da ko bakin ƙofa aka aike su sai sun tafi da gudu. An lodo taki ne za a kai gonar masara a bayan Likoro, ta ɗare gefen amalanken ba wanda ya gan ta. Shanun suka zabura a wata gangara, ta zame ta faɗa cikin taɓo. Mai jan shanun ya ce daga inda yake ya ji ƙarar ƙashin.

Ilisha bai tsaya shawara da kowa ba, ya saɓe ta a kafaɗa sai gidan Baba Lado mai ɗori. To ina kuma zai kai ta? Baba Lado gadon ɗori ya yi kaka da kakanni, daga Kudan har Makarfi ba ka rasa wanda zai naɗe hannun riga ya nuna maka aikinsa. Shi kansa Ilisha yana yaro ya faɗo daga kan ɗorawa hannunsa ya karye, tsohon nan ne ya haɗa shi, ga shi yau da hannun yake huɗa. Ilisha ɗan coci ne, Baba Lado kuwa ko ladan ba ya riga shi shiga masallaci, amma wannan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Baba yake ce masa, kuma har cikin zuciyarsa.

Tsohon ya ja ƙafar ya daidaita ta, yarinya na ihu har muryarta ta dushe. Ya shafe ta da man shanu, ya yi tofi, ya jera kara, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Sannan ya maimaita dokar da kowa a ƙasar ya riga ya sani: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Duk wanda ya taɓa ɗorin wani ya ɓata aikin, mai ɗorin kuma ba zai ƙara taka gidan ba, ko da maigidan ne ya karye.

Bernice, uwar yarinyar, ba 'yar nan ba ce, aure ne ya kawo ta daga wajen Kafanchan. Hausa a bakinta kamar jakin Kano, amma wannan doka ta ƙi zauna mata. Ta ce a kai yarinya asibiti a ɗauki hoton ƙafar.

"Asibiti?" in ji Ilisha. "Ke ba ki san aikinsu ba? Ka kai masu ƙafa su ba ka sanda. Su ban da yanka me suka sani?"

Ta koma wajen yarinyar, amma ba don ta yarda ba.

Kowa ya san ɗori da zafi a farko, daga baya ya lafa. Na Happiness ƙaruwa ya riƙa yi. Yatsun da suka leƙo ta ƙarshen tsumman suka kumbura suka yi suntum, suna sheƙi. Ta daina cin abinci, ko kunun gyaɗa da take so sai ta kau da kai. Kukanta ma ya canza, ba ihu kuma, wani siririn nishi ne da ba ya yankewa, ana jin sa har tsakar gida.

Da Baba Lado ya zo dubiya, Ilisha ya tarye shi a zaure ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Ilisha. Ya iyali? Ya damina?"

"Mun gode Allah. Ya mutan gida?"

"Lafiya ƙalau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Ilisha, domin haka ake cewa.

"Babu sauƙi, Baba," in ji Bernice daga bakin ƙofar ɗaki. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, amma ba ta janye maganarta ba. "Ka yi haƙuri, ka shigo ka ga yatsun nan. Ko a sassauta ɗaurin kaɗan?"

Tsohon ya shiga ya tsuguna, ya latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba mugu ba ne Baba Lado, wannan dole a faɗa. Mutum ne da ya saba aikinsa yana ci, kuma wanda ya saba da haka yakan manta cewa wata rana zai iya ƙin ci.

"Idan na sassauta, ƙashin zai goce, 'yata, ki tashi da gurguwa," ya ce. "Akwai ƙashi mai gardama. Irinsa ba man shanu ne maganinsa ba." Ya juya wajen Ilisha. "Ka san inda ragon maza ya yi sheƙa?"

Ilisha ya sani. Gonar rakensa na cikin fadama, inda rafi yake rabewa biyu ya bar wani ɗan tsibiri a tsakiya, duk gamba da sarƙaƙiya da bishiyar giyayya guda ɗaya. Tun farkon damina yake jin kukan tsuntsun daga can.

"To ka je," in ji tsohon. "Ka ɗauki ɗaya cikin 'ya'yan, ka karya masa ƙafa da hannunka, kai uban yarinya. Ka ɗaura masa wannan a wurin." Ya zaro zare daga bakin tsumman da ke ƙafar Happiness ya miƙa masa. "Ka ɗaura da kyau kada ya faɗi, shi zai haɗa karayarsa da tata. Ka mai da shi sheƙa ka ba shi kwana biyu. Uwar tsuntsun za ta shiga daji ta nemo ganyen da ke haɗa ƙashi, wanda ba ɗan Adam da ya san bishiyarsa. Ka koma ka kwaso min shi. Mahaifina ya yi haka, na gani da idona."

Bernice ta buɗe baki, Ilisha ya harare ta, ta rufe.

Wanda bai san ragon maza ba, tsuntsu ne mai baƙin kai da farin ciki, fukafukansa ja kamar ƙasar gini, ga dogon bindi, ga jan ido kamar wanda ya kwana yana kuka. Ba ya son tashi sama. In ka kore shi sai ya yi wani ɗan tsalle ya faɗa ciyawa, ya ci gaba da sanɗa kamar ɓarawon kaji. Fara yake ci da ƙadangare da kwaɗi, har ƙwan wasu tsuntsayen ba ya bari. Kukansa kuwa kamar an kifa tulu ruwa na tsiyaya, ya faro daga sama ya gangaro ƙasa. Manoman fadama suna cewa in ya dage da kuka, ruwa na tafe.

Ranar farko ruwan rafin iya gwiwa ne, Ilisha ya tsallaka ba wuya. Ya sami sheƙar a cikin sarƙaƙiyar gindin giyayya, wata dunƙulalliyar ciyawa mai ƙofa a gefe, an shimfiɗe cikinta da ɗanyen ganye. 'Ya'ya uku ne a ciki, baƙaƙe wuluk, munana, jikinsu duk wani farin gashi tsaye kamar furfurar tsohuwa. Da ya zura hannu suka yi masa huci irin na maciji, har sai da ya zabura. Wanda ya ɗauko ya tsartso masa wani baƙin kashi mai ɗoyi a tafin hannu.

Ƙafar ba ta fi tsinken tsintsiya ba. Ilisha mutum ne da ko kazar Kirsimeti sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Ya rufe ido, ya ce, "Ubangiji ka gafarta mini," ya lanƙwasa. Ya ɗaura zaren ya ƙulle shi da kyau, yadda aka ce masa. Can cikin ciyawa iyayen na ta sintiri suna wani irin tari. Ya wanke hannunsa a rafi ya sake wankewa, ɗoyin bai fita ba.

Washegari aka zo da mashin aka ɗauki Baba Lado zuwa Janfalan, can ƙasar Ikara, wai wani magini ya faɗo daga kan soro. Ya bar saƙo cewa a ajiye masa ganyen, kada kowa ya taɓa ɗorin. Tsohon ba ya riƙe waya, ta ɗansa kuma in an kira sai a ji a kashe.

Ranar da Ilisha zai koma tsibirin, ya shiga ɗaki da sassafe ya tarar da Bernice zaune a bakin gado da sabuwar reza a hannu. Yatsun yarinyar sun tashi daga ja sun koma wani launi kamar ɗinya. Ɗakin na wani wari, wanda tun jiya suke cewa man shanu ne ya yi tsami.

"Me za ki yi da wannan?"

"Abin da ya kamata ka yi tun shekaranjiya."

"Ajiye rezar nan, Maman Happy."

"Dubi ƙafar 'yarka! Dube ta mana! Ni ban yi karatun likita ba, amma na san nama mai rai ba haka yake ba."

"Kin fi Baba Lado sani ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ki kwance, ƙashi ya goce, shi kuma ya yi fushi ya janye hannunsa, wa za mu kama? Yau ganyen zai zo. Yau ɗin nan."

"Tsuntsu," ta ce, hawaye na zubo mata. "'Yata na mutuwa, ka ce in jira tsuntsu."

Ya riƙe hannunta ya zare rezar a hankali. Tsoro yake ji shi ma, tsoron da ya fi nata, don shi ne ya zaɓi hanyar nan. Sai dai tsoron nasa ya fito masa a fushi.

"Ki rantse ba za ki taɓa ba sai na dawo."

Ba ta so ba. Ya tsaya a kanta har sai da ta ce, "Na rantse." Ya mai da rezar cikin takardarta, ya jefa a aljihu ya fita. Happiness ta bi shi da ido, ko nishin ma yau ƙarfinsa ya ragu.

Ruwa ya kwana yana zuba a gabas. Tun daga nesa Ilisha ya ji rurin rafin, da ya iso kuwa ya ga ya cinye layin farko na rakensa. Ruwan ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace, har da mataccen ɗan akuya ya ga ya wuce ƙafafu sama. Tsibirin ya ragu, sai gindin giyayyar da 'yar ƙasar da ke kewaye da ita. Mai hankali da ya juya. Ilisha ya tuɓe riga ya ɗaura a ka, ya sari doguwar sanda, ya shiga.

Ruwan ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana zamewa kamar ana janye tabarma. Ya riƙa kafa sandar yana jan jiki, har ya kamo saiwar giyayya ya haye, yana haki.

Yana isa sai ga uban tsuntsayen ya ɓullo daga ciyawa da ƙatuwar fara a baki. Ilisha ya lafe ya zuba ido. Kawuna biyu suka leƙo daga ƙofar sheƙar, baki a wangame. Tsuntsun ya cusa wa ɗaya farar, ya juya ya koma farauta. Bai ko leƙa ciki ba.

Ilisha ya matsa ya zura hannu. Ganye kam akwai shi, sabo, ɗanye shar. Ya damƙo shi ya fito da shi fili. Ya juya shi gaba da baya. Ya ɗaga kai ya dubi reshen da ke bisa kansa. Ganyen giyayya ne, irin wanda akuyoyinsa suke ci kullum. Sai kuma ya tuna cewa ranar farko, tun bai karya komai ba, irin ganyen nan ne shimfiɗe a sheƙar. Shimfiɗa ce kawai tsuntsun yake sabunta wa 'ya'yansa.

Duk da haka bai saki ba. Ya ce wa kansa wataƙila sirrin a bakin tsuntsun yake, ba a bishiyar ba. Abin da zai raba gardama shi ne ƙafar. Ya sake zura hannu, 'ya'yan nan biyu suka yi masa huci. A 'yan kwanakin nan har sun ninka girma, gashin fukafukai ya fara tsiro masu. Na ukun yana can ƙurya, an tattake shi. Ya jawo shi.

Da ransa, amma ko huci bai yi ba. Shi ma jikinsa ya ƙaru, ƙafar ta kumbura, zaren kuwa yana nan yadda Ilisha ya ƙulle shi, ya nutse cikin nama har ba a ganinsa sosai. Daga zaren zuwa sama ƙafar ja ce, da zafi. Daga zaren zuwa ƙasa ta yi baƙi, ta yi sanyi, yatsun sun lanƙwashe. Ilisha ya taɓa wajen karayar, ɗan tsuntsun ya yi zillo. Ya matse yatsun da farce, ya ƙara matsewa har farcen ya shige. Ko motsi bai yi ba, yana ta kallon gefe da ɗan idonsa.

Sannan warin ya iso masa. Ba ɗoyin kashin nan na ranar farko ba ne, wani ne daban, mai zaƙi-zaƙi. Ya san shi. Da shi ya baro ɗakinsa ɗazu.

Ya zauna daɓas cikin taɓo. Ba karayar ce ta kashe ƙafar tsuntsun nan ba, ɗaurin ne, kuma da hannunsa ya yi shi. Can gida ga wani ɗaurin ya fi wannan tsauri, macen da ta so ta yanke shi kuma ya sa ta rantse, ya taho da rezar a aljihunsa.

Ya ciro ta, ya tsinke zaren, ya mai da ɗan tsuntsun cikin sheƙa. Ya cije rezar da takardarta a haƙora ya nufi ruwa.

Kafin ya gama abin da yake yi rafin ya ƙaru. Saiwar da ya kama ɗazu ta nutse. Bai tsaya neman wuri mai sauƙi ba, ya faɗa. Yana kaiwa tsakiya wani reshe ya taho ya make shi a haƙarƙari, sandar ta suɓuce, ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashinsa. Ruwa ya juya shi, ya shiga masa hanci, ya ga sama ya ga duhu. Bai iya iyo ba, iyakarsa wankan rafi na yara. Abin da ya riƙe a ransa kawai shi ne kada ya buɗe baki. Ya riƙa kai hannu ko'ina, ya damƙi ruwa, ya damƙi iska, har hannunsa ya faɗa kan rake. Gonar wani ce can ƙasa da tasa, ruwa ya kwantar da ita. Ganyen raken ya tsattsage masa tafin hannu, bai saki ba. Ya ja jiki daga wannan kara zuwa wancan har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Riga ta tafi, takalmi ya tafi. Haka ya ratsa gonakin mutane a guje, masu ciran ciyawa na yi masa sannu bai amsa ba. Wani dattijo ya ɗaga murya, "Ilisha, lafiya?" Ya wuce shi kamar bai san shi ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Tun daga zaure ya ji abin da ya fi ihu tayar masa da hankali. Dariya ake yi a gidansa.

Zinariya maƙwabciyarsu ce ta fara tarar sa, tana riƙe da kwanon kunu. "Kai, Baban Happy, me ya same ka haka? To albishirinka! Jiki ya yi sauƙi. Tun da hantsi ciwon ya tafi ɗif, har ta sha kunu. Aikin Baba Lado ai ba wasa ba."

Ya ture labule ya shiga. An jingina Happiness da matashi, idanunta sun faɗa, goshinta na naso, amma tana murmushi. Bernice na zaune kusa da ita tana share hawaye. Da ta ga mijinta sai ta sunkuyar da kai.

"Ka yafe mini, maigida," ta ce. "Ashe kai ne da gaskiya. Da na kwance da na cuce ta."

Maganar nan ta fi reshen da ya make shi a rafi zafi.

"Baba, ka samo ganyen?" in ji Happiness. "Ya daina ciwo."

Ya durƙusa a ƙarshen gadon. "Dube ni nan, uwata. Kalli fuskata, kada ki kalli ƙasa." Ta dube shi. Ya kama babban yatsanta, sanyi kamar randa. Ya kafa farce ya matse iya ƙarfinsa.

"Baba, ina rigarka?" ta ce.

Bernice ta ga hannunsa, ta ga fuskar 'yarta, murmushin da ke bakinta ya mutu. Ilisha ya zare rezar daga takarda ya sa wa tsumman.

"Kai! Ɗorin Baba Lado ne fa!" in ji Zinariya daga bakin ƙofa. "Ba a taɓawa!"

Bai saurare ta ba. Ya yanka ƙulli bayan ƙulli, karan suka zube a ƙasa. Da tsumman ƙarshe ya ɗaye, Zinariya ta toshe hanci da mayafi ta yi baya, kwanon ya faɗi. Bernice ba ta yi ihu ba. Ta jawo kan yarinyar ta kifa a ƙirjinta don kada ta gani, ta ce, "Kira Misbahu."

Misbahu ɗan acaɓa ne a unguwar. Ya zo ya ga abin da ake ciki, bai tambayi komai ba, ya cire rigarsa ta sama ya ba Ilisha. Suka sa yarinyar a tsakiya, uwar ta biyo su a wani mashin ɗin. Hanya duk taɓo, sau da yawa sai Ilisha ya sauka ya rungume ta Misbahu ya tura. A bakin titi suka sami mota zuwa Zariya. Duk tsawon hanyar Happiness na ba su labarin wata 'yar ajinsu da ta ce ta fi ta gudu, tana cewa bari ta warke su gwada.

Likitar da ta duba ta a babban asibiti mace ce mai sanyin murya. Ba ta yi masu faɗa ba, da ma ta yi da ya fi wa Ilisha sauƙi. Ta latsa nan, ta latsa can, ta kira wani ya zo shi ma ya duba, sannan ta fito da su waje.

"Ƙashin kansa an daidaita shi daidai," ta ce. "Da zai haɗe. Jini ne ɗaurin ya hana wucewa. Daga nan zuwa ƙasa ya riga ya mutu, kuma yana hawa. In muka bar shi, ba ƙafa za ku rasa ba, yarinyar za ku rasa."

"Da mun zo da safe fa?" in ji Ilisha. "Yau da sassafe, da an kwance?"

Likitar ta dube shi, ta dubi Bernice. "Ban sani ba, Malam. Ba zan yi maka ƙarya ba. Da shekaranjiya ne, da na ce maka e."

Bernice ba ta dube shi ba. Ilisha da bakinsa ya ce a yanke ƙafar.

Kafin su kwana biyu a asibitin labari ya gama Likoro. Masu zuwa dubiya suka riƙa kawo shi tare da kwanukan abinci: an ce Ilisha ya kwance ɗorin Baba Lado da hannunsa, ya kai 'yarsa asibiti, ga shi nan sun yanke. Dama an faɗa. Wasu har da girgiza kai, wai da ya yi haƙuri tsoho ya dawo, tunda ciwon ma ya riga ya tafi. Ilisha ya ji duka. Ba shi da ƙarfin gardama, kuma ya san ko ya faɗi abin da ya gani a tsibirin, za a ce zaren ne bai ɗaura daidai ba.

Da yamma masu dubiya suka watse, Bernice ta fita ɗebo ruwan zafi. Happiness ta farka daga barcin allura, ta yi miƙa, ta yamutsa fuska.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Yatsuna na ƙaiƙayi. Na wannan ƙafar. Sosa mini."

Har yanzu ba wanda ya gaya mata. An lulluɓe ta da zane daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma daga gwiwar hagu zanen ya kwanta shafal a kan katifa. Ilisha ya dubi ƙofa ko uwar za ta shigo. Ba ta shigo ba.

"Baba, yi sauri mana."

Ya miƙa hannunsa mai tsagar rake, ya ɗora a kan zanen, daidai inda yatsun ya kamata su kasance. Ya fara sosa katifar a hankali.

"Ba nan ba," ta ce, idonta a rufe. "Ƙasa kaɗan."

Ya matsar da hannun ƙasa kaɗan.